Ciwon da Na Jiyo wa Sabon Babur

Ni ne na fara cewa sabon babur ɗin Baba yana ƙara. Gara in faɗa da bakina, tunda ƙannena suna nan suna ba da labarin yadda suka ga dama. Ba wanda ya tambaye ni. Abin da na sani game da inji a lokacin bai wuce cewa idan ƙafarka ta taɓa salansa za ka yi rawar da ba a koya maka ba. Kawai dai mutane sun taru a ƙofar gidanmu a Gwaram, kowa yana tofa albarkacin bakinsa, na ga idan na yi shiru za a ɗauka ni ɗan maƙwabta ne.

Kafin sabon ya zo, Baba yana da wani babur da muke kira Tsohuwa. Ta girme ni. Inna ta ce a kanta aka kai ta asibiti ranar da za ta haife ni, kuma ƙararta ce ta firgita ni na fito da wuri. Salansarta da waya aka ɗaure. Madubinta ɗaya ne, shi ma ba ya nuna baya, hular Baba kawai yake nunawa. Fitilarta sama take kallo kamar mai neman jinjirin wata. Kik ɗinta kuwa ya daɗe da yin ritaya, mu 'ya'yan gidan mu ne kik: kullum da safe sai mun tura ta har bakin masallaci kafin ta yi tari ta tashi. Idan ta tashi kuma, kowa ya shaida. Baba yana baro Basirka, Inna take ɗora masa ruwan wanka a Gwaram. Kajin unguwarmu sun daina firgita da tsawa.

Duk da haka ina sonta, domin tawa ce. Baba da kansa ya faɗa a gaban Inna: ranar da ya sayar da riɗi ya sayi sabo, Tsohuwa ta zama tawa, in riƙa zuwa makaranta, in kai niƙa, in kai taki gona. Ni maganar makarantar kawai na ji. Tun riɗin yana fure na sanar da 'yan ajinmu. Na yi wa mutum goma sha ɗaya alƙawarin ɗauka, har na tsara wanda zai zauna a tanki.

Ranar da sabon ya iso daga Birnin Kudu, da ledarsa ya zo. Leda a wurin zama, leda a madubi, leda a fitila, ga kwali an naɗe tanki da shi. A wajenmu ba a cire wa sabon babur leda, sai ta gaji ta faɗi da kanta, don duk wanda ya gan ka daga nesa ya san ba kwance ka saya ba. Maƙwabta suka yi ta zuwa. "Allah ya sanya alheri, Malam." "Allah ya tsare hanya." Kowa sai ya shafa tankin ta saman kwalin, kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Baba ya hau, ya danna wani ɗan maɓalli. Ba turi, ba tari. Wani ma ya tambaya, "Ya tashi kuwa?" Ya tashi. Yana ta aikinsa a hankali kamar kyanwa tana barci.

A nan ne shaiɗan ya ja ni. Na tsuguna kusa da injin, na karkata kai, na runtse ido ɗaya yadda na ga bakanikai suna yi, na ce, "Baba, kana jin wani tik-tik-tik?"

Kowa ya matso kusa. Baba ya sauko, ya tattare babbar riga, ya kai kunne.

"Akwai shi," ya ce.

Wallahi a wannan lokacin daɗi na ji. Mutane suka dube ni kamar na gano rijiyar mai.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da muke kira Kawu, wanda tun da aka haife shi keke kawai ya taɓa mallaka. Shi ya fara matsowa. "Uhm," ya ce. "Haka kekena ya fara."

"Kawu, keke yana da inji ne?" wani ya tambaya.

"Ƙarfe dai ƙarfe ne."

Baba ya koma kai, ya kama kuloci, ya taka giya ta ɗaya. Sai babur ya ce ƙwas! har ya ɗan zabura. Jama'a suka ja da baya. Kawu ya ce, "Wani abu ya karye." Baba ya yi sauri ya kashe shi. To a nan ne abin ya lalace gaba ɗaya, domin babur da aka kashe, makulli yana hannun Baba kowa yana gani, sai ya ci gaba da magana shi kaɗai daga wajen salansa: tin... tin... tin-tin.

"An kashe shi amma bai mutu ba," in ji Kawu, yana neman takalminsa.

Kafin la'asar an tura sabon babur cikin ɗakin ajiyar hatsi, an kafe shi tsakanin buhunan dawa, an lulluɓe shi da zanin Inna na zuwa biki.

Washegari da safe na yi wanka har da sabulu mai ƙamshi, na je na tsaya kusa da Tsohuwa. Ba ta da makulli da za a miƙa mini, wayoyi biyu ake haɗawa, amma dai na sa ran za a yi wani ɗan biki. Baba ya fito da hularsa, ya haye ta, ya ce, "Ku tura."

"Baba, alƙawarin fa?"

"Wane alƙawari?"

"Na Tsohuwa."

"Na ce idan na samu na hawa. Ka ga na samu? Marar lafiya zan hau zuwa Farin Dutse ya mutu mini a daji? Kai da kunnenka ka jiyo ciwon. Tura."

Na tura. Ban taɓa jin nauyinta irin na ranar ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, shekara da shekaru Baba yana zaune a kan Tsohuwa, kunnensa bai taɓa samun shirun da zai ji ƙaramar ƙara ba. Yanzu da ya samu, sai ya zama mafarauci. Kullum bayan ya karya kumallo zai shiga ɗakin hatsi, ya yaye zanin, ya tayar da babur, ya zauna a kan buhu yana saurare. Cikin mako guda ya tara ƙara huɗu, ban da wadda babur yake yi bayan an kashe shi, kuma kowace ya raɗa mata suna. Akwai Agogo, wato tik-tik ɗin da na jiyo. Akwai Ƙwas, ta shiga giya. Akwai Sauro, wani siririn wiii da yake fitowa idan ya zagaya tsakar gida a giya ta biyu. Sai Tsakuwa, wani cakar-cakar da ake ji idan babur yana firi ba a sa giya ba, wanda da ka kama kuloci sai ya ɓace. Wannan ta ƙarshen ita ta fi damunsa.

"Ka gani? Tana ɓuya," yake ce mini. "Ciwon da yake ɓuya shi ne mugu."

Na fara da hanya mai sauƙi. Na shiga na tsuguna, na runtse idon nan nawa na gwaninta, na ce, "Baba, ni fa yanzu ba na jin komai. Ya warke."

"Je ka wanke kunnenka."

Sai na koma dabara. Duk lokacin da ya shiga sauraro, ni kuma in tara ƙannena a bakin ƙofa mu fara haddar makaranta da iya ƙarfinmu. Na roƙi Inna ta riƙa daka a lokacin. Na kamu da tarin da ba ni da shi. Wata rana har zakara na kama na riƙe a bayan taga ina ja masa jela. Baba ya leƙo ya ce duk wanda ya sake yin motsi zai kwana a gona. Ya rufe ƙofa, ya zauna da babur ɗinsa da hayaƙi, ya fito idanu jajur yana cewa yana zargin akwai wata sabuwa.

A makaranta kuwa ba a bar ni na huta ba. Ina shiga aji sai in ji, "Direba ya iso! A ba shi hanya, kada ya take mu da silifas!" Wanda na yi wa alƙawarin tanki ya ce ya gaji da jira, in goya shi kawai.

Da abin ya ishe ni na yanke shawarar yin gyaran da kaina. A tunanina duk ƙarar duniya rashin mai ne. Na faki idon Inna na ɗauko kwalbar man gyaɗarta, na shiga ɗakin hatsi na shayar da sarƙar babur har tana ɗiga. Na zuba kaɗan a wajen giya, na shafa wa kuloci don kada ya ji haushi. Washegari Baba ya yaye zani ya tarar da tururuwa sun yi layi tun daga bakin ƙofa har sarƙa, masu shiga daban, masu fita daban, kamar ranar kasuwa.

Aka kira Kawu. Ya duba, ya girgiza kai. "Tururuwa ba ta bin mai rai," ya ce.

Inna ce ta kawo ƙarshen zaman. Ta tsaya a ƙofar ɗakin da kwalbar da ta koma rabi a hannunta, ta dube ni sau ɗaya, irin kallon da ke nufin za mu haɗu, sannan ta juya wajen Baba.

"Malam, marar lafiya asibiti ake kai shi, ba a zauna ana jin nishinsa ba. Ka mai da shi wajen wanda ya ɗaura shi. Kuma ina da biki ranar Asabar, ina son zanina."

Baba ya yarda, amma ya rantse ba zai hau shi ba, kada ciwon ya ƙaru a hanya. Saboda haka aka tsayar da akori-kura mai zuwa Birnin Kudu, aka ɗora sabon babur mai cikakkiyar lafiya a baya, tsakanin buhunan riɗi da awaki uku. Ni aka sa in riƙe shi. Baba ya biyo mu a kan Tsohuwa.

Ban san tafiya tana da tsawo ba sai ranar. Hannuna biyu suna kan babur, mota tana tsalle, ni ina tsalle, awaki suna kallona. Ba mu yi nisa ba wata jar akuya ta miƙo wuya ta kama ledar wurin zama. Na ce mata kai. Ta dube ni tana tauna. Na kai mata ƙafa, babur ya karkata, na dawo da ƙafar. Ta gane ba ni da hannu, sai ta gyara tsayuwa ta ci abinta a natse, har ta gayyato ƙawarta. Ina hango Baba a bayanmu ya saki hannu ɗaya yana nuna akuyar, bakinsa yana buɗewa yana rufewa, amma ƙarar Tsohuwa ta cinye duk abin da yake faɗa. Na gode wa Allah da wannan, don daga yanayin fuskarsa ba addu'a yake mini ba.

Bakaniken da ya ɗaura babur ɗin wani gajeren mutum ne mai furfura a gemu, garejinsa rumfar kwano ce a ƙarƙashin darbejiya, kusa da shagon da ake sayar da sababbin babura. Muka same shi yana shan rake. Ya dubi babur, ya dubi ragowar leda, ya ce, "Hatsari kuka yi?"

"Akuya ce," in ji Baba. "Ba ita ta kawo mu ba. Ƙara yake yi."

"Wace iri?"

Baba ya gyara murya. Mutumin da ko a gida ba ya wasa da yara, ya tsaya a tsakiyar Birnin Kudu da babbar riga yana cewa, "Akwai tik-tik-tik-tik. Akwai ƙwas. Akwai wiiiii. Sannan akwai cakar-cakar-cakar, amma ita tana ɓuya." Masu shayi na gefe suka ajiye kofuna. Wani ɗan acaɓa ya ce, "Baba, a maimaita ta ukun."

Bakaniken bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya tofar da ɓawon rake, ya tayar da babur, ya ɗauko dogon sukundireba ya kafa bakinsa a jikin inji, ya manna kunne a ƙotar. Ya matsa nan, ya matsa can. Ya hau ya zagaya darbejiya sau biyu. Ya dawo ya kashe.

"Malam, me ka hau kafin wannan?"

Baba ya nuna Tsohuwa.

"To shi ya sa. Wannan babur lafiyarsa ta fi tawa."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Tik-tik ɗin, ya ce, bawul ne, masu buɗe wa mai hanya su rufe. Da gangan ake bar musu 'yar tazara saboda ƙarfe yana kumbura idan ya yi zafi. "Ranar da ka ji ya yi shiru gaba ɗaya, ranar za ka kawo mini shi da gudu." Ƙwas kuwa haƙoran giya ne suke kama juna, wani yana juyi wani yana tsaye, dole a ji haɗuwarsu, musamman da safe kafin mai ya yi ɗumi. Sauro sabunta ce: haƙoran ba su saba da juna ba, idan aka yi tafiya za su goge su rage surutu. Tsakuwa faifan kuloci ne suke kaɗawa idan ba a ba su aiki ba.

"To wanda yake yi bayan an kashe shi fa?" Baba ya tambaya. A nan ya ajiye babbar hujjarsa.

Bakaniken ya nuna rumfarsa da sukundireba. "Kwanon ɗakinka, idan rana ta dake shi sannan hadari ya rufe ta, me yake yi?"

Baba ya ce, "Yana ƙas-ƙas."

"Ka taɓa kai shi gareji?"

Duk da haka Baba bai gamsu ba sai da aka roƙi mai shagon ya fito da sababbi uku aka jera, aka tayar da su tare. Baba ya bi su yana duƙawa kamar mai zaɓen kankana. Duk ukun suna tik-tik. Duk ukun suka ce ƙwas. Ya miƙe yana murmushi, ya ce ashe duk danginsu haka suke.

"Ka hau abinka," in ji bakaniken. "Kada ka murɗe totur har ƙarshe yanzu, kada ka ɗora masa buhu uku, ka dawo in canja baƙin mai idan ya ɗan yi tafiya." Sai ya duƙa wajen sarƙa, ya shafa, ya kai hanci. "Wannan kuma wa ya soya ta?"

Na mai da hankalina kan wani tsuntsu a saman darbejiya.

Farin ciki ya hana Baba yi mini faɗa. Ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce, "To, ga taka can." Na fara lissafin ta inda zan shiga makaranta ranar Litinin, da yadda zan yi kamar ban ga kowa ba. Sai Baba ya juya wajen bakaniken ya ce, "Tunda mun zo, ɗan ɗaure masa birkinta."

Bakaniken ya ce a tayar da ita ya ji. Ni da Baba muka tura, ta yi tari, ta tashi, masu shayi suka rufe kofunansu da hannu. Ya kafa sukundirebansa. Bai daɗe ba ya cire kunne da sauri kamar an cije shi, ya yi alama a kashe.

"Daga Gwaram ka zo a kan wannan?"

"Kullum a kanta nake."

"Ba ka jin wannan gwaf-gwaf ɗin daga can ƙasa?"

"Wane gwaf-gwaf?" in ji Baba. Mutumin da ya jiyo Tsakuwa a cikin rufaffen ɗaki. "Ai haka muryarta take."

Bakaniken ya kwance ƙusar ƙasa, ya tara wani gwangwani, mai ya zubo baƙi ƙirin. Ya dangwala yatsa ya ɗaga a rana. Yana ƙyalli kamar kwalli.

"Wannan garin ƙarfe ne. Injin yana cin kansa. Yau ko gobe zai buga, kuma idan ya buga ana cikin gudu, tayar baya tsayawa take yi cak. Ni dai ba zan ɗora yaro a kai ba."

"Ni ba yaro ba ne," na ce. "Kuma ni ban ji komai ba. Lafiyarta ƙalau. Bawul ne."

"Kai rufe mana baki," in ji Baba. "Kunnenka ya isa haka."

Na yi roƙo. Na ce zan riƙa tafiya a hankali, na ce zan riƙa jan ƙafa a ƙasa, na ce ko tura ta kawai a bar ni in riƙa yi zuwa makaranta don a gan mu tare. Baba ya ce a bar ta a nan har a samo kayan gyara daga Kano. Aka jingina ta da darbejiya, ko zani ba a lulluɓa mata ba.

A kan sabon muka koma gida, ni a baya, a kan ragowar abincin akuya. Baba ya ɗauki maganar totur da muhimmanci ƙwarai, har wani mai keke ɗauke da damin kara ya wuce mu ya yi mana sannu. Duk sanda ya canja giya ta ce ƙwas, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla."

Kayan gyaran ba su zo ba. An aika Kano sau biyu, aka ce an daina yin irinsu. Da na bi ta Birnin Kudu bayan sallah na leƙa garejin, na tarar tayarta ta gaba tana jikin kurar wani mai sayar da ruwa, sauran kuma kaza tana ƙwai a ƙarƙashi. Har yau da ƙafa nake zuwa makaranta.